Hukuncin Buga Zanen Bangon Wani a Riguna Ba da Izininsa Ba

Tambaya: Malam, ni mai zane ne a Garwa. Wani mai shago a unguwar Yelwa ya biya ni na zana masa gadar Binuwai da dagi a bango. Kwatsam sai ga zanena a jikin riguna ana sayarwa a kasuwa, an goge sunana. Mai rigunan ya ce abin da ke bakin titi na kowa ne. Ina da haƙƙi a Shari'a?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, kana da haƙƙi. Mangwaron da ya leƙo ta kan katanga kowa na ganinsa, amma gani bai halatta a cika kwando a kai kasuwa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya amfanin abu ma dukiya ne, kuma Annabi (SAW) ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardar ransa. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin karewa ne, taɓa shi haramun ne.

Goge sunan ya fi ci mini rai. Hadisin Buhari da Muslim ya kwatanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya.

Dokar Kamaru kan haƙƙin mawallafi ta 19 ga Disamba 2000 ba ta saɓa wa wannan ba: mai wucewa yana iya ɗaukar hoton zanen da ke fili, cin kuɗi da shi kuwa sai da izinin wanda ya zana shi.

Sai dai ka tuna me kuka ƙulla da mai shagon. In bangon kaɗai ya biya, haƙƙin bugawa yana hannunka. In ka sayar masa da zanen kacokam, shi ke da magana. Wanda kuma ya fesa fenti a katangar mutane ba izini ya yi ta'adi, mai gida na iya sharewa, amma hakan bai ba wani damar kasuwanci da zanen ba. Na ji daɗi da ka zana gada da dagi, domin irinsu Ibnu Abbas ya nuna wa mai zane: itatuwa da abin da ba shi da rai.

Ka fara da sulhu da mai rigunan a gaban dattawan kasuwa: ya mayar da sunanka, ku daidaita a kan kasonka. In ya ƙi, kai ƙara halal ne. Wallahu a'alam.