Amsar tambayarka kan filashar da ta tayar da wata kwamfuta ta ƙi wata

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa filashar da ka haɗa ta ɗora Windows lafiya lau a kan Dell ɗin nan, amma da ka soka ta a tsohuwar HP ɗin da aka kawo daga Kawo sai ta ƙi bayyana ko a jerin abubuwan da kwamfutar za ta iya tashi da su, har ka fara zargin ko ta mutu. Lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne ka haɗa ta ba tare da ka fara duba irin kwamfutar da za ta shiga ba, alhali tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga.

Hanyoyin da kwamfuta ke bi ta tashi guda biyu ne. Tsohuwar hanya ita ce BIOS, wadda da zarar an kunna na'ura take zuwa ta karanta ɗan gurbin farko na faifai, mai girman bait 512, inda umarnin tashi da jadawalin rabon faifan suke, kuma wannan tsari shi ake kira MBR. Sabuwar hanya ita ce UEFI, wadda ba ruwanta da wancan gurbi, ita tana neman wani fayil ne a cikin jakar EFI, kuma sabon tsarin rabon faifai mai suna GPT take tafiya da shi. Akasarin kwamfutocin da suka fito daga 2012, shekarar Windows 8, da UEFI suka zo, da yawansu kuma suna iya kwaikwayon tsohuwar hanyar idan aka kunna abin da ake rubutawa Legacy ko CSM. Waccan HP ɗin ta girmi wannan zamani, BIOS kaɗai ta sani, kai kuma GPT ka bari a Rufus, manhajar da ake haɗa filashar da ita, shi ya sa ta duba ba ta ga abin da ta gane ba. Ka sake haɗa mata wata da MBR, ka danna F9 tana kunnuwa, za ka ga filashar ta fito.

Saboda haka kafin ka buɗe Rufus, ka fara binciken na'urar. Idan Windows ɗinta tana tashi, ka rubuta msinfo32 a wurin nema, za ka ga layin da ke nuna ko UEFI take ko Legacy. Idan ba ta tashi, ka shiga saitinta da F10 a HP, ko F2 a Dell. Kada ka dogara da shekarun kwamfuta kaɗai, domin 'yan Beljiyam ɗin da ake kawo mana sun bi hannuwa da yawa kafin su iso Kaduna, kuma sau da yawa za ka tarar wani ya mayar da mai UEFI kan Legacy don kawai ya samu tasa filashar ta karɓu.

Na lura kuma kana mamakin dalilin da ya sa ba a kwafe fayil ɗin ISO kawai a jefa a filasha. ISO hoton faifai ne sukutum, dole a warware shi a shimfiɗa abin da ke ciki yadda na'ura za ta iya karantawa, wannan kuwa shi ne aikin Rufus. A nan ma akwai tarko. Tsarin ajiyar fayil na FAT32, wanda kowace UEFI ke karantawa, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, ga shi kuma fayil ɗin install.wim na sababbin Windows yakan wuce hakan. Rufus yana magance wannan ta hanyar yin filashar da tsarin NTFS mai ɗaukar manyan fayiloli, sannan ya ƙara wani ɗan ƙaramin yanki a ƙarshenta wanda zai taimaki UEFI ta karanta. Idan ka ga wannan yanki kada ka goge shi da sunan gyara. Manhajar Ventoy, wadda ta fito a 2020, ita ce ke ba ka damar zuba ISO da yawa a filasha guda ka zaɓa daga jeri, kuma tana da amfani ga mai shago, amma ba na so ka koma kanta sai ka gane abin da take ɓoye maka.

Ita kanta filashar, kada ta gaza giga 8, kuma ka sani duk abin da ke cikinta zai tafi. Ka cire sauran filashoshi da faifan waje daga jikin kwamfuta kafin ka danna farawa, sannan ka karanta suna da girman wadda ka zaɓa sau biyu. Wadda ka ga an rubuta mata giga 64 ana sayarwa da kuɗin mai giga 8, ka gwada ta da H2testw, manhajar auna ainihin girman filasha, tukuna, domin jabu takan nuna girman da ba ta da shi, ta karɓi fayiloli kamar gaske, sai aiki ya kai rabi ta watsa maka ƙasa a ido. ISO kuwa daga shafin Microsoft za ka sauke, ka kwatanta lambar SHA-256 ɗinsa, wato lambar tantance sahihancin fayil, da wadda suka wallafa, ko da datar za ta yi maka zafi. Ka kuma yi aikin a kan laftof mai caji, saboda ka san halin wutarmu.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. Wata rana filasha za ta tashi ta hanyar UEFI, ka isa wurin zaɓen faifai, sai manhajar ɗora Windows ta ce ba za ta iya ɗora Windows a nan ba domin faifan MBR ne. Abin da hannu ke saurin yi shi ne goge duk yankunan faifan, nan take kuma matsalar ta kau. Amma a cikin waɗannan yankuna ne ɗaliba ta ajiye furojet ɗinta na shekarar ƙarshe, a nan ne ɗan kasuwa ya ajiye lissafin bashin da yake bi, a nan ne hotunan bikin gida suke. Mai kaya zai ce maka ba komai a ciki, sai bayan kwana biyu ya dawo yana tambayar takardunsa. Don haka ka kwashe masa kayansa zuwa faifan shago a gabansa, ya duba da idonsa ya amince. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ka nemi mabuɗinsa mai lamba 48 kafin ka taɓa komai. Sau da yawa ma babu buƙatar gogewa, sai dai ka koma ka tayar da filashar ta hanyar da ta dace da faifan.

Game da Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman UEFI da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, da RAM aƙalla giga 4, kuma ba ta da nau'in 32-bit. Rufus yana ba da zaɓin tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma na san yara suna son wannan zaɓi, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan na'ura ba, don haka ba ma yi sai mun gaya wa mai ita ya yarda. Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Ga wanda aikinsa bai wuce rubutu da shiga intanet ba, ni na fi ba shi shawarar Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, a kan tsohuwar na'ura, Rufus ɗin nan dai shi ke haɗa filasharta.

Idan ka zo tayarwa, ka yi amfani da madannin zaɓe na lokaci guda, wato F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, maimakon ka sauya jerin tashi a cikin saiti. Dalili shi ne bayan an gama kwafar fayiloli kwamfutar za ta kashe kanta ta sake kunnuwa, idan kuwa filasha ce a sahun farko sai ta mayar da kai farkon aiki, ka ɗauka wani abu ya lalace. In har ka riga ka sauya jerin, to ka zare filashar a daidai wannan sake kunnuwa na farko, ka bar sauran aikin ya ƙarasa daga faifan ciki.