Ciwon baya da kafaɗa bayan ɗaukar hoton wasa

Ka tambayi abin da ke sa baya da kafaɗa ciwo bayan ɗaukar hotunan ƙwallo. Nauyi ne, ɗan'uwa. Babban gilashin kyamara na 400mm, mai jawo nesa kusa, yana kai kilo 3, ga kyamara, ga minti 90. Ɗora shi kan sandar tokare mai ƙafa ɗaya, ka ɗaure ta a zoben gilashin, don in ka ɗaure a gindin kyamara nauyin zai iya lanƙwasa mahaɗinsu.

Durƙuso yana cin gwiwa, nemi 'yar kujera. Kyamara ta biyu a rataye ta a kafaɗa, wuya bai iya ɗauka. Kuma in kana leƙawa ta kyamara, bar ɗaya idon a buɗe, ƙwallo ba ta sallama kafin ta doki gilashi.