Amsa Ga Kawuna Na Kaduna Kan Aikina Da Halin Mutanenmu A Ingila

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in amsa tambayoyi biyun da ka yi mini lokacin da na zo Kaduna hutu, waɗanda hidimar baƙi ba ta bar ni na amsa su yadda ya kamata ba. Ka tambaye ni wane aiki ne yake kai mace gidan yari kullum safiya alhali ita ba gandiroba ba ce ba kuma likita ba, sannan ka tambaye ni ko gaskiya ne Hausawan Ingila sallama 'ya'yansu suke yi idan hukuma ta ɗaure su. Tun da kai ma aikin gidan yari ka yi har ka yi ritaya, na san amsa ta sama-sama ba za ta gamsar da kai ba.

Ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce a ɓangaren masu laifi. Ba na rubuta magani, wannan aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne irin na asibitin Barnawa. Nawa shi ne in zauna da fursuna, in karanta tarihinsa, in auna yiwuwar ya sake cutar da wani, in tsara irin gyaran da ya dace da shi, sannan in rubuta rahoto ga hukumar Ingila da Wales da ke sakin fursunoni bisa sharaɗi, wadda ta fara aiki a 1968. Da yake na kai matakin babba, ni ce kuma nake duba rahotannin masu koyon aiki kafin su fita. Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga masanan Kanada, Andrews da Bonta, wajen 1990: yawan kulawa ya yi daidai da girman haɗarin mutum, a mai da hankali kan abin da yake jawo laifin, kamar miyagun abokai da shaye-shaye da gurɓataccen tunani, kuma a koyar da shi ta hanyar da zai iya ɗauka. Aikin yana da kuskurensa. A 2017 gwamnatin Birtaniya ta soke babban shirin gyaran masu laifin lalata, bayan bincikenta ya nuna kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin sun sake aikata irin laifin, alhali a cikin waɗanda ba su shiga ba kashi 8 ne. Nakan tuna wannan duk lokacin da aka yi zancen gidan marin Rigasa, inda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 a 2019, domin iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu can.

Batun mutanenmu kuwa, ba mu da yawa a nan, kuma akasarinmu karatu ko aikin asibiti ne ya kawo mu, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar da Gana. Idan aka yi rasuwa, kafin gari ya waye an haɗa kuɗin jana'iza ta WhatsApp. Idan suna ne, mata sun raba girki a tsakaninsu. Da Sallah kuma mukan kama zaure mu taru. Amma ranar da aka ɗaure ɗan wani, sai kowa ya yi gum. Za ka ji an ce ya yi tafiya, ko yana karatu a wani gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: maganar da aka yi a Landan da safe takan isa Tudun Wada ko Unguwar Rimi kafin magariba, uwa kuma tana tunanin auren ƙannensa mata. Akwai kuma tsoron doka, domin tun dokar Birtaniya ta 2007 duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, ƙa'ida ita ce a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa, sai in yana da wata hujja ta musamman.

Saboda haka ba sallamawa muke yi ba, ɓoyewa muke yi. Sai dai ga wanda yake ciki, duka biyun ɗaya ne. Ba na karɓar aikin ɗan gidan da na sani, amma na taɓa zama da wani matashi daga wani gari, wanda da jin sunana ya gaishe ni da Hausa. Mahaifiyarsa ba ta taɓa fashin aiko masa da kuɗi ba, amma shekara biyu ba ta taka ƙofar gidan yarin ba don gudun idon sani. Ya ce mini ko faɗa ne ta zo ta yi masa, zai fi masa kuɗin. Rahoton da Lord Farmer, ɗan majalisar dattawan Birtaniya, ya gabatar a 2017 ya kawo alƙaluman ma'aikatar shari'a cewa fursunan da iyalinsa suke ziyarta, yiwuwar ya koma laifi ta ragu da kashi 39 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ba a ziyarta. Hukumar saki ma takan tambayi inda zai sauka da wanda zai riƙe shi, kuma yaron da danginsa suka ce ya yi tafiya ba shi da amsa mai ƙarfi.

Inda na fi ganin amfanin zamana a wurin shi ne fassara tarbiyyarmu ga abokan aiki. Yaron da ya tashi a gidan Hausa ba ya zuba wa babba ido, ba ya kuma iya faɗin abin kunya da sunansa a gaban mace, wanda bai san wannan ba kuwa sai ya rubuta cewa yana kauce wa tambaya ko bai yi nadama ba, kuma jimla ɗaya irin wannan tana iya taimakawa wajen hana shi fita. Mafi wuya ita ce kalmar ƙaddara. Idan fursuna ya ce ƙaddara ce, Bature yakan ɗauka ya ƙi karɓar laifinsa ne. Wani lokaci gaskiyarsa ce, domin na ga masu fakewa da kalmar, amma sau da yawa ita ce take hana mutum yanke ƙauna daga rahamar Allah a cikin ɗaki mai kulle. Ni ba na jayayya da shi a kanta. Nakan ce masa, na ji ƙaddara ce, to a daren nan da abin ya faru, wane taku ne kai ka yi da ƙafarka? Limaman da hukuma ta ɗauka aiki a gidajen yari suna taimaka mini ƙwarai a nan, domin suna tuna wa yaran cewa tuba ba ta cika sai an amsa laifi an kuma nemi yafiyar wanda aka zalunta. Musulmi kuwa sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na fursunonin Ingila da Wales, alhali a ƙidayar 2021 kashi 6.5 ne na jama'a.

Haka nan nakan bayyana a rahoto cewa a wurinmu kawu da baffa da gwaggo iyaye ne, ba dangi na nesa ba, kuma yaron da ya ɓata da mahaifinsa yana iya sauka lafiya a hannun kawunsa. A wajen gidan yari kuma, mu wasu iyaye mata kaɗan mun fara raka uwar da take jin nauyin zuwa ziyara ita kaɗai, mu jira ta a bakin ƙofa, mu dawo tare ba tare da kowa ya ji ba.

Abin da nake roƙonka, Kawu, shi ne idan aka dawo da irin waɗannan yaran Kaduna, wasunsu ko Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, ka yi wa danginsu magana kada su kulle su a ɗaki ko su nemi gidan mari, su haɗa su da sana'a da babba guda wanda zai riƙa tambayar inda suka kwana. A gaishe mini da Gwaggo da yara.