Amsa: Wasan kwamfuta da aka saya zai buɗe ba tare da intanet ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasannin da ka saya a Jidda za su buɗe idan ka koma gida Gadarif a Sudan, inda intanet ke yawan ɗaukewa. Abin ya danganta da irin kariyar da aka ɗora wa kowane wasa.

Idan a Steam, manhajar sayar da wasannin kwamfuta, ka saya, kafin ka tashi ka buɗe kowanne sau ɗaya kana kan intanet, ka bari ya gama sabuntawa, sannan ka mayar da Steam yanayin aiki ba intanet. Wasanni masu ɗauke da Denuvo, wata kariya ta hana kwafar wasa ba bisa ƙa'ida ba, sun fi ba da wahala, domin izinin da suke ba kwamfuta yakan ɓaci idan Windows ta sabunta kanta ko aka canza mata wani kaya, kuma daga nan sai an sake haɗawa da intanet. A ganina wannan cutar mai saye ne, musamman ganin yadda kamfanin wasanni na Ubisoft ya rufe sabar da wasan The Crew ke dogara da ita a 2024, wasan ya mutu a hannun waɗanda suka biya. Nan gaba ka fara duba GOG, wani shagon sayar da wasanni a intanet, domin wasanninsa ba su da wannan takunkumi, kuma kana iya sauke fayil ɗin girkawa ka adana a filas.