Tambayi Malama: katin taimako, kyautar Yarbanci da kuɗin tara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, dan Allah ki ba ni shawara. Yarana biyu suna wata firamare ta al'umma nan Agege, mutanenmu ne suka haɗu suka gina ta. Rufin aji biyu yana yoyo, in ana ruwa sai a jera bokitai a tura yara gefe ɗaya. To hedimasta ya raba wa kowane yaro kati mai gida 20, kowane gida naira 200, wai su zaga su tara kuɗin kwano, wanda ya fi kawowa za a kira sunansa a asambuli a ba shi kyauta. Ranar Asabar na nemi ɗana mai shekara 8 na rasa, ashe yana can wajen Pen Cinema da katin yana tare mutane. Kuma bara ma an tara na marayu har yau ba mu ji inda kuɗin ya shiga ba. Ina tsoron in yi magana a ce rowa ce ko ina hana aikin Allah. Daga Maman yara, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba rowa ba ce, ki cire wannan a ranki tukunna. Gyaran rufi abu ne mai kyau, duk wanda ya san daminar Legas daga Afrilu zuwa Yuli ya san yaro ba zai fahimci komai ba alhali ruwa na ɗiga kan littafinsa. Hedimastan ma ƙila da kyakkyawar niyya ya yi. Amma katin nan ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Yaro ɗan shekara 8 a bakin titi wajen Pen Cinema, tsakanin danfo da keke da masu sauri zuwa tashar jirgin ƙasa, yana miƙa kati yana cewa a taimaka, wannan ai bara ce aka sa mata tambarin makaranta. Dokar kare haƙƙin yara ta jihar Legas ta 2007 ta hana a yi amfani da yaro wajen bara ko talla, kuma kin san jami'an jihar nan ba sa wasa da kamen masu bara a titi, in suka kwashe shi ba za su tsaya karanta abin da aka rubuta a jikin kati ba. Balle mu 'yan Arewa da dama ana mana kallon masu sakin yara a titi, sai kuma makarantarmu da kanta ta tura su? Haba.

Sai maganar kiran suna a asambuli. Kin san wa zai ci kyautar nan tun kafin a fara, ɗan wanda babansa ke da shago uku ne, zai kai katin gida a cike masa shi a zaune ko takalmi bai sa ba. Shi kuwa ɗan mai gadi ko ɗan mai tura baro zai dawo ran Litinin da gida biyu kacal a cike, ya tsaya a layi ana tafa wa wani. Na koyar a aji shekaru da yawa, yaran da aka kunyata kan kuɗi su ne suke fara ƙirƙiro ciwon ciki da safe, daga nan sai fashi, wani ma sai ya fara ɗan hali a jakar uwarsa don ya cike gidajen katin. In za a yi kyauta a makaranta a yi ta kan abin da yaro ya yi da kansa, karatu ko tsafta ko zuwa da wuri, ba kan aljihun ubansa ba.

Kuɗin marayu na bara kuwa, haƙƙinku ne ku ji bayani, kuma tambaya ba zargi ba ce. Amma ki kula da yadda za ki yi ta. Kar ki jefa maganar a guruf ɗin WhatsApp na iyaye da daddare, wallahi kafin asuba an rabu gida biyu, masu cewa an ci kuɗi da masu cewa ana zagin malamai, rufin kuma yana nan yana yoyo. Ki samu iyaye mata biyu da namiji ɗaya mai ɗan shekaru wanda ake jin nauyinsa, ku je ofis ku gaisa da hedimasta cikin mutunci, ku ce kun zo ne ku taya shi ɗaukar nauyin nan don ya yi masa yawa shi kaɗai. Da wannan bakin za ku shiga. Sannan ku nemi a kira kafinta ya auna ya rubuta bandir nawa na kwano ake buƙata, katako nawa, ƙusa, kuɗin aiki, a liƙa takardar a bakin geti kowa ya gani. Kuɗi kuma kar ya shiga akawun ɗin mutum ɗaya ko da waliyyi ne, a sa a na makaranta ko a buɗe wanda sai mutum biyu sun sa hannu za a cire, ɗaya daga malamai ɗaya daga iyaye, duk Juma'a ma'aji ya turo hoton abin da ya shigo da rasit ɗin abin da aka saya. Idan an fara haka za ki ga maganar kuɗin bara ta fito da kanta, ko dai a kawo takarda ko kuma a fara kame-kame, ko wanne aka yi kun gane inda kuka tsaya.

Kuma tsakani da Allah a Agege ba a rasa inda za a samu kuɗin kwanon aji biyu ba tare da an tura yara titi ba. Manya ne za su fita. Kwamiti ya je wajen liman a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa a faɗi buƙata, a je wajen mahauta da dillalan shanu na abbatuwar Oko-Oba, a leƙa ƙungiyoyin 'yan gwari na Mile 12. Ɗan kasuwa sau da yawa ya fi son a ce masa Alhaji bandir ɗaya muke nema, ya saya da kansa ya aiko a mota, ya fi masa kwanciyar hankali kan ya ba da tsabar kuɗi, ku ma ya rage muku lissafi. In kuma ana so yara su sa hannu don su koyi taimako, akwai hanyar da ba roƙo a ciki. A Ajegunle akwai makarantar da iyaye ke kawo robobin ruwa da na lemo a madadin kuɗin makaranta, ana aunawa a sayar wa masu sarrafa su. Ku ma za ku iya ajiye buhu a kowane aji yara su riƙa kawo robobin gida, ba zai yi rufi ba amma zai sayi alli da tsintsiya, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk roba ɗaya za su kawo.

Katin dai ki karɓe shi daga hannun yaron yau ɗin nan. Abin da kike da iko ki sa a ambulan ki kai da kanki. Ga masu karatu da yaransu ke firamaren gwamnati kuma, ku sani dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, gyaran gini aikin LASUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas, takarda za ku rubuta ta hannun kwamitin makaranta, gudummawa in za a yi ta son rai ce ba a korar yaro a kanta.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. 'Yata tana aji biyar, a bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara ita ta zo ta ɗaya a Yarbanci, ta doke 'ya'yan Yarbawan kansu, amma lissafi ta zo ta 12. Abokaina a majalisa sai tsokanata suke wai na haifi Bayarbiya. Uwarta kuma ta dage sai an yi fati. Ni burina ta shiga Queen's College. Murna zan yi ko damuwa? Daga wani uba, Idi-Araba.

AMSA: Alhaji murna za ka yi mana, Allah ya ƙara mata basira. 'Yan majalisa kuma ka bar su, su ɗin da in rikici ya haɗa su da mai gida kan kuɗin haya sai sun nemo mai fassara. Yarbanci ba zaɓinta ba ne ma, tun 2018 zamanin gwamna Ambode aka sa hannu kan dokar da ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar Legas, na gwamnati da na kuɗi. Yarinyar da ta tashi da Hausa a gida ta je ta fi masu harshen iya rubuta shi, da duk ɗigo da alamomin sautin nan nasu na sama da ƙasa, wannan kunnenta da kanta lafiya lau suke. Abin da kawai zan ce, ka tabbata tana iya karanta Hausa da rubuta ta, don da yawan yaranmu na nan suna ji suna yi amma in ka ba su takarda sai su tsaya suna ƙirga baƙaƙe. Wannan aikin gida ne, makaranta ba za ta yi maka ba.

Lissafin ne ke son kulawa tunda Queen's College kake hange. Makarantar tana Yaba, ta gwamnatin tarayya ce, tun 1927 aka kafa ta, kuma ana shiga ne ta jarabawar kwaman entirans da NECO ke shiryawa 'yan aji shida, lissafi da Turanci su ne ƙashin bayanta har da tambayoyin nan na gwada kaifin tunani da lambobi. Ana duba jihar asalin yaro wajen makin shiga, amma kar ka jingina da wannan, makarantar tana cikin waɗanda aka fi rububi a ƙasar nan, kuma shiga daban zama a aji tare da yaran da suka ƙware daban. Kana da shekara guda, ta isa. Kafin ka biya kuɗin lesin ka je ka zauna da malamin ajinta ya buɗe maka littafin aikinta, ka ga a ina take faɗuwa. Mafi yawa a wannan ajin matsalar jadawalin sau ne bai zauna ba, sai rabawa ta gagara, sai ɓangarori su gagara, a yi ta cewa yaro ba ya gane lissafi alhali abu ɗaya ne ya tsallake tun aji uku. Minti 20 kullum bayan Islamiyya, da littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa.

Fati kuwa, ni dai da za a bi tawa a dafa abin da take so a gida, a kira kakanninta a waya ta faɗa musu da bakinta, a saya mata littafi. Amma wannan tsakaninka da Hajiya ne, ba zan shiga ba.

TAMBAYA: Malama ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, makarantar yarana na neman taimakon gini da kuma na marayu. Zan iya ba su daga zakkata?

AMSA: Malam Allah ya sa albarka a kasuwa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai ba sa sa gini a ciki. Don haka kwano da siminti ka yi su da sadaka, ita ce mai gudana. Maraya kuma in mabuƙaci ne ya shiga sahun faƙirai da miskinai, sai ka damƙa wa mai riƙonsa ya biya masa kuɗin makaranta da yunifom. Ka zauna da limaminku ya duba maka lissafin. Roƙona ɗaya, kar ka bari a jera marayun nan a ɗauki hoto suna riƙe da ambulan ana yawo da shi a waya.

TAMBAYA: Anti kullum sai ɗana ya makara ana tare shi a geti ya tsinci shara, kuma kuɗin tara da nake ba shi a alawa da cingam yake ƙarewa ya dawo yana kukan yunwa. Kuɗin mota ma ya ishe ni. Daga wata uwa, Ijora.

AMSA: Ƙanwata ba ke kaɗai ba ce, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya hana iyaye da yawa sakat, ga acaba an hana shi a ƙananan hukumomi irin su Apapa da Surulere tun 2022. Ki nemi maƙwabta biyu ko uku da yaransu ke hanya ɗaya ku yi jinga da mai keke guda na wata-wata, ya fi sauƙi kan biyan kullum kuma shi zai riƙa matsa muku ku fito da wuri. Yunifom da safa da jaka a haɗa su tun dare, rabin makara neman takalmi ɗaya ne. Kuɗin tara kuma ki rage shi ki mayar da shi abinci, ɗumamen shinkafa a ɗan kula, ko burodin Agege da ƙosai, ko dafaffen ƙwai, ki bar masa ɗan canji kaɗan na ruwa. Ki kuma tambaye shi a hankali ko akwai wani babban yaro da ke karɓe masa, don wani lokacin alawar ce kawai amsar da ta fi sauƙin faɗa. In ya yi shiru ya sunkuyar da kai, gobe ki raka shi ki ga malamar ajin.