Notin da fomika ta rufe: yadda za ka gano shi ba tare da ka ɓata teburin ba

Ƙanena na Gusau, na ga tambayarka: ka binne notoci masu haƙora a cikin filawud na teburin keken ɗinki, ka manna fomika a kai, yanzu ka rasa inda bakinsu yake balle ka ɗaura kan keken. Kar ka taɓa dirila tukuna. Ni a Birnin Kebbi nake kafintanci, irin wannan aiki ya sha zuwa hannuna.

Fara duba sauran notocin da suka rage maka a leda. Kai musu mayen ƙarfe. In ya cafke su da ƙarfi, aikinka ya zo da sauƙi. In na tagulla ne, ko irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, kamun ba zai yi ƙarfi ba, na tagulla ma ko motsi ba zai yi ba, sai ka tsallaka zuwa batun tocila a ƙasa.

Mayen ƙarfen ma ba kowanne ba. Babban baƙin nan na bayan sifikar rediyo zai nuna maka unguwar da notin yake, amma ba zai kai ka ƙofar gidan ba, don jan nasa a baje yake. Je wurin masu gyaran waya ko kwamfuta ka nemi ɗan ƙaramin fari mai sheƙi, wanda ake cirowa daga ma'ajiyar bayanan kwamfuta (hard disk) ko abin sauraron kunne. Goge fomikar tas, ka riƙa tura shi da ɗan yatsa a hankali. Yana isa kan notin za ka ji ya fizge, ya tsaya cak. Kar ka yarda da tsayuwar farko, don wani lokaci gefen notin yake kamawa ba tsakiya ba. Turo shi daga gabas ka ɗiga fensir, daga yamma ka ɗiga, haka kudu da arewa, sannan ka haɗa layukan. Inda suka gicciye nan ne ramin. Ka kuma tuna inda ka buga ƙusoshi, su ma suna ja.

Dabarar da na fi so ita ce ta garin ƙarfe. Ɗebo wanda ke zuba ƙarƙashin injin gurza na masu walda, ka tankaɗe shi. Manna mayen ƙarfen ta ƙasan allon daidai saitin notin, ka barbaɗa garin a sama kaɗan-kaɗan, kana ƙwanƙwasa allon da yatsa. Za ka ga garin ya miƙe tsaye ya yi zobe, tsakiyarsa da ɗan fili. In allon ya yi kauri sosai zoben ba ya fitowa fes, amma a kan teburin keke yakan yi.

Wanda mayen ƙarfe bai kama ba, jira dare. Kwantar da tocila a gefen allon, haskenta na bin fuskar fomikar. Inda rami yake a ƙasa sau da yawa akan ga ɗan lotsawa ko ɗan tudu. Ƙwanƙwasa wurin da kan ƙusa, sautin kan rami daban yake da na kan itace.

Kar ka ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. Masu haɗa allon sulu a kan dusar ƙanƙara a Turai da Amurka ma sai sun binne notocin M6, wato na bol mai kaurin milimita 6, cikin itace, su rufe da zaren gilashi da gam da leda mai kauri, sannan su dawo nema. Abin da ke cetonsu shi ne tsari: a sanannen tsarin 4x4, santimita 4 ne tsakanin rami da rami ta kowane ɓangare, ka samu ɗaya ka samu saura. Kai ma ɗora ƙasan kan keken a kan takarda ka zana ramukansa, in ka gano noti biyu takardar ta nuna maka ragowar.

Wajen huji ne ake yin ɓarna. Liƙa salatif na takarda a wurin don kar fomikar ta ɓantare. Fara da bakin dirila mai milimita 2, ka naɗa masa salatif kaɗan sama da tsini don kar ya nutse. In ka ji ya faɗa rami, ka dace. Sannan ka buɗa bakin ramin da abin faɗaɗa rami mai kan dala, da hannu ma ya isa. Kar ka zura baki mai milimita 6 cikin notin M6, cikinsa kusan milimita 5 ne, zai cinye zaren cikin notin da bol ke kamawa, bol ya riƙa juyawa a banza.

In gam ya shiga zaren, na fomika mai taushi ne, allura za ta zaƙulo shi. Gam ɗin Araldite ne mai taurin kai, sai ka ari abin yanka zare na M6 wurin bakanike ka bi ramin a hankali.

Aiki na gaba, kafin ka shafa gam, toshe kowane noti da kakin zuma, ka goge wanda ya taɓa fuskar itacen don gam ba ya kama kaki. Ban cika son kyandir ba, zafin bazara ƙarƙashin rumfar kwano yana sa shi laushi. Kuma ka zana takardar tun allon yana tsirara, ka rubuta mata gaba da baya, don in ka kifa ta ramukan za su koma wani gefen.