Ku Tambaya Mu Amsa: Cefane a Kantunan Rangwame na Ƙasashen Turai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali. Watanni huɗu ke nan da na biyo maigidana zuwa Birmingham ta ƙasar Ingila inda yake karatu, kuma kuɗin da muke da shi a hannu ƙayyadadde ne. Maƙwabciyata ta nuna mini wani kantin rangwame kusa da gidanmu, na kuwa ga kayansa sun fi na manyan kantuna sauƙi nesa ba kusa ba, amma abubuwa uku suna damuna. Maigida yana cewa araha ba ta ado, wai ba za a sauke farashi haka ba sai an tauye ingancin kaya. Ranar da na fara zuwa kuma, mai karɓar kuɗi ta riƙa turo mini kaya da sauri har suka taru a gabana, mutanen da ke bayana suna kallona ina kici-kicin zubawa a leda, na fito cike da kunya. Sannan ban san yadda zan tabbatar da halaccin abin da nake ɗauka ba. Ki taimaka mini da shawara. Daga ƙanwarki a Birmingham.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba maigida sa'ar karatu, ya kuma sa ku dawo gida da abin da kuka je nema. Zan fara da maganar maigida, domin karin maganar da ya kawo gaskiya ce a kasuwanninmu, inda sau da yawa mai saukar da farashi ya rage mudu ne ko ya gauraya sabo da tsoho. Sai dai irin waɗannan kantuna, waɗanda fitattunsu a Turai su ne Aldi da Lidl, an gina su ne a kan wani lissafi daban. Abin da suke ragewa shi ne hidima da ado da yawan zaɓi, sannan su bar wa mai saye wani kaso na aikin da a wasu kantuna ma'aikata ne ke yin sa.

Tarihinsu ma yana nuna haka. 'Yan'uwan juna biyu, Karl da Theo Albrecht, sun karɓi ƙaramin shagon mahaifiyarsu a birnin Essen na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutane ba su da kuɗi kuma ba abin da suke nema sai abinci mai sauƙi. A farkon shekarun 1960 suka raba kasuwancin gida biyu, na arewa da na kudu, kuma a 1962 aka fara amfani da sunan Aldi, wanda aka haɗo daga farkon sunansu da kalmar rangwame ta Jamusanci. Lidl ya buɗe kantin rangwamensa na farko a 1973 a Ludwigshafen. Reshen Aldi na farko a Ingila kuwa a garin da kike zaune aka buɗe shi, a unguwar Stechford a 1990, Lidl ya biyo baya a 1994. A 2022 Aldi ya zarce Morrisons ya zama na huɗu a jerin manyan masu sayar da kayan abinci a Birtaniya, wanda ke nuna cewa ba masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ke shiga ba.

Idan kin sake komawa, ki tsaya ki dubi kantocin da kyau. Babban kanti yana ajiye kaya iri dubbai goma-goma, amma kantin rangwame yana tsayawa ne a kan kimanin iri dubu biyu. Inda wancan zai jera tumatirin gwangwani na kamfanoni goma, wannan zai kawo iri ɗaya ko biyu, ya saye su da yawan gaske daga masana'anta ɗaya, kuma kin san mai sari da yawa shi ke da bakin neman ragi. Mafi yawan kayan suna ɗauke ne da sunayen da kantin ya ƙirƙira wa kansa, don haka babu kuɗin tallan talabijin da na suna da kike biya idan kin ɗauki kayan fitattun kamfanoni. Na taɓa tsayawa ina kallon wani ma'aikaci da sassafe a ɗaya daga cikin irin waɗannan kantuna: ya jawo katakon da aka ɗoro kwalaye a kai, ya yage gaban kowane kwali, ya tura shi kan kanta yadda yake, ba tare da ya jera gwangwani ɗaya bayan ɗaya ba, kuma da layi ya yi tsawo sai ya bar kwalayen ya je ya zauna ya karɓi kuɗi. Mutum ɗaya yana aikin mutum uku, ginin ƙarami ne, babu mahauci a tsaye, babu mai rakiya da kaya zuwa mota. A nan rangwamen yake fitowa.

Dokar tsafta da lafiyar abinci kuwa ɗaya ce a kan kowane kanti a ƙasar, babba ko ƙarami, kuma madara da ƙwai da sukari da fulawa da man girki ba su san tambarin da aka manna musu ba. Ba na cewa komai nasu ya fi. Za ki tarar da shayi ko sabulun da bai kwanta miki ba, kuma kayan lambu irin su alayyafo da tumatir suna son a duba su da kyau kafin a ɗauka, kamar yadda kike yi a gida. Shawarata ita ce ki sayi ƙaramin ƙunshi na abin da kuke yawan ci, ki girka, ki bar harshen maigida ya yanke hukunci. Abin da ya karɓu ya zauna a jerin cefanenku, abin da bai karɓu ba ki nema a wani wuri.

Yanzu ga maganar kunyar da kika ji, wadda ta taɓa mini zuciya domin na san ta. Wallahi mai karɓar kuɗin ba wulaƙanta ki ta yi ba, tsarin wurin ne haka. An buga layukan da na'ura ke karantawa a ɓangarori da yawa na kowane ƙunshi, wasu ma dogaye daga sama har ƙasa, domin kada ta tsaya juya kaya tana nema, kuma an gajarta teburin da ke bayanta da gangan. Ba a so ki zuba kaya a jaka a wurin. Abin da ake yi shi ne ki tsayar da keken zuba kayanki a bakin teburin, duk abin da ta turo ki mayar da shi cikin keken, ki biya, sannan ki tura zuwa doguwar kantar da ke jikin taga kusa da ƙofar fita, inda za ki shirya kayanki a tsanake babu mai jiran ki. Wata dabara kuma ita ce tun wajen ɗora kaya a kan bel ɗin da ke tafiya da su zuwa gaban mai karɓar kuɗi ki sa masu nauyi a gaba, irin su gwangwanaye da dankali da kwalaben mai, ki bar ƙwai da burodi da ganye a ƙarshe, ta yadda za su sauka a sama. Idan kuma kina riƙe da yaro ko hannunki ya gaji, ki roƙe ta da ladabi ta ɗan sassauta, yawancinsu za su yi.

Ki riƙa fita da kwandalar fam ɗaya, domin a rassa da yawa sai an zura ta kafin keken ya kwance daga sarƙa, kuma tana dawo miki idan kin mayar da shi. Ki tafi da jakunkunanki, saboda tun 2015 doka ta hana manyan kantunan Ingila ba da leda kyauta, kuma a 2021 aka ɗaga mafi ƙarancin kuɗinta zuwa peni 10. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta yarje musu, yawanci daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Babu tayi, babu gyara, babu bashi, abin da aka rubuta shi za ki biya.

Batun halacci shi ya fi komai nauyi a wasiƙarki, kuma shi ne inda sauri ba shi da amfani. Kayan lambu da 'ya'yan itace da shinkafa da taliya da wake da ƙwai da madara da kifi ɗanye ba su da matsala. Inda ake tuntuɓe shi ne kayan da aka sarrafa. Ki saba da karanta jerin abubuwan da aka haɗa a bayan ƙunshi, ki kuma haddace kalmomin da ke nufin alade: pork da ham da bacon da lard. Kalmar gelatine ita ce ta fi ɓuya, domin tana cikin alawar yara mai danƙo da wasu nau'o'in yogot da kayan zaƙi na firiji, kuma a Turai yawancinta daga alade ake samo ta sai idan an rubuta akasin haka. Kada rubutun da aka yi da baƙi mai kauri ya ruɗe ki. Wannan na abubuwa 14 ne da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai, kuma alade ba ya cikinsu, don haka sunansa zai zo ne da ƙaramin rubutu a tsakiyar jerin. Alamar da ke cewa abu ya dace da waɗanda ba sa cin nama tana kawar da shakkar alade, amma ba ta kawar da shakkar giya, wadda akan zuba a wasu kek da cakulan da miyar kwalba, musamman lokacin Kirsimeti.

Nama kuwa, idan babu shaidar halal a jikinsa, ni ban ɗauke shi a matsayin yankan Musulunci ba. Malamai suna da bayani mai tsawo a kan yankan Ahlul Kitabi da yankan inji, kuma wannan fili ba wurin fatawa ba ne, don haka ki tuntuɓi malamin da kuka amince da shi. Sai dai Allah ya sauƙaƙa miki, domin Birmingham cike take da mahauta Musulmi a unguwanni irin su Alum Rock da Small Heath, kuma akwai hukumomin da ke ba da shaida, kamar HMC da HFA, waɗanda za ki ga takardarsu a jikin shago. A can ma sau da yawa za ki sami babban buhun shinkafa da attaruhu da kuɓewa, manja da doya da garin rogo kuma a shagunan 'yan Afirka. Kantin rangwame ba zai ɗauke miki dukan cefane ba, kuma kada ki sa masa ran haka.

Abu biyu na ƙarshe za su kare miki aljihu. A ƙasan babban farashi a jikin kanta akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya, kuma shi ne mudun da za ki auna kanti da kanti, domin ƙunshi mai araha wani lokaci ƙarami ne kawai. Sannan ki bambanta kwanan wata iri biyu. Wanda aka rubuta use by na lafiya ne, ana sa shi a nama da kifi da makamantansu, kuma ba a ci bayan ranar, sai dai idan an daskarar da abin a firiza kafin ta wuce. Wanda aka rubuta best before na daɗi ne, biskit ko shinkafar da ta haura shi da kwanaki ba ta zama guba ba. Tsakiyar kantin kuma, inda ake zube tukwane da barguna da takalman yara da kayan aikin kafinta da ke sauyawa kowane mako, nan ne mutum ke shiga don madara ya fito da abin da bai yi niyya ba, don haka ki rubuta jerinki tun daga gida, kuma kada ki shiga da yunwa.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jamus. Na sayi ruwan roba guda shida a wani kantin rangwame, da na duba rasit sai na ga an ƙara mini Yuro ɗaya da rabi a kan abin da aka rubuta a kanta. Shin kuskure ne ko cuta? Daga ɗanki a Jamus.

AMSA: Ɗana, babu cuta a ciki, kuma kuɗinka yana nan yana jiran ka. Idan ka sake duba rasit ɗin za ka ga kalmar Pfand, wato kuɗin ajiya da dokar Jamus ta ɗora tun 2003, santi 25 a kan kowace roba ko gwangwanin abin sha da ake amfani da shi sau ɗaya. Shida sau santi 25 shi ne Yuro ɗaya da rabin da ka gani. Idan ka shanye, kada ka murƙushe robar kuma kada ka cire takardar jikinta, domin na'urar da ke bakin ƙofar kantin tana karanta alamar da ke kai ne. Ka zura su ɗaya bayan ɗaya, ka danna maɓalli, za ta ba ka 'yar takarda, sai ka miƙa wa mai karɓar kuɗi a wannan reshen ya cire daga cefanenka ko ya ba ka a hannu. Kwalaben da ake wankewa a sake cikawa nasu kuɗin ya fi ƙanƙanta, kuma kantin da ba ya sayar da irinsu ba dole ne ya karɓa ba. Ka kuma lura da abin da ka ɗauka, domin Jamusawa suna son ruwa mai gas, wanda ba shi da gas ana rubuta masa still. Ruwan famfo a Jamus ma ana shan sa, idan kana son rage kashe kuɗi. Kantunan abinci a can ba sa buɗewa ranar Lahadi da ranakun hutu, sai 'yan kaɗan a manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, don haka ka kammala cefanenka tun ranar Asabar kafin yamma ta yi.